Zanen da Na Kai Neman Auren Nasiru

Tunda na dawo daga Amurka ban ƙara shan shayi da zafinsa a garejin ’yan bodi, masu ƙera jikin manyan motoci, ba. Da na zauna sai a kewaye ni da tambaya: ya ƙasar, me suke ci, wai da gaske karnuka ma suna da asibiti. Amma tambayar da ta fi yawa, wadda ake yi ana danne dariya, ita ce ta wannan tabarau da nake sawa yanzu, mai ruwan hoda da ’yar sarƙar ratayawa a wuya. E, na mata ne, ban taɓa musawa ba. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu ana katse ni da ƙarar guduma, shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa ya karanta ya bar ni in yi aikina.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Idi, mai zanen motoci ne ni a Funtuwa. Shekara talatin da ɗoriya ina yi wa manyan motoci ado: zaki, dawisu, masallaci, kogi da dabino a gefensa, sannan a ƙasa in rubuta wa direba addu'ar da ya zaɓa. Ƙa'idar sana'armu guda ce, ba a zana masifa a jikin mota. Duk abin da ka ɗora mata fatan alheri ne, don da shi mai ita zai hau hanya. Ku riƙe wannan maganar, ita ce ta kai ni ta baro.

Nasiru ɗan Yayana Sule ne, yana karatu a wata jami'a a garin Greensboro. Bara ya aiko da kaset, muka taru a ɗakin Yaya muka saka a rediyo. Bayan gaisuwar da ta cinye rabin kaset ɗin, ya ce ya ga yarinyar da yake so, sunanta Karima, baƙar fatar Amurka ce kuma Musulma. Iyayenta sun rasu, kakarta ce ta riƙe ta, kuma tsohuwar ta ce ba za ta ba da jikarta ga mutumin da ya faɗo daga sama ba, sai ta ga babba daga gidansu da idonta. In ba a zo ba, magana ta mutu. Daga muryarsa na san yaron ba ya barci.

Yaya ya shekara biyu a kwance da ciwon ɓarin jiki, saboda haka tafiya ta faɗo kaina. Ranar da zan tashi ya kira ni ya ce, "Idi, na san ka. Abu biyu zan roƙe ka. In an tambaye ka zancen gida, ka ce mutanen kirki ne ka yi shiru. Na biyu, kada ka yi wa kowa fenti." Na ce haba Yaya, neman aure zan je ba aiki ba. Duk da haka na soka buroshina uku a aljihun jaka, don ban taɓa kwana a wani gari ba tare da su ba.

Kaya kuwa mun haɗa na fita kunya. Jaka ɗaya goro ne a cikin ganyensa, da kilishi, da daddawa, da kuka, da dakuwa. Ɗayar atamfa ce turmi-turmi da turare, duk na tsohuwar.

Daga Kano muka tashi. Jirgi ba shi da wani daɗi, mota ce kawai da ba a tsayawa sallah ko sayen rake. Wajen da muka yi nisa na cire tabarau na ajiye a kujera, na je in kama ruwa. Na danna wani abu a banɗakin ya yi wata irin zuƙa da na ɗauka gindin jirgin ne ya ɓalle, na fito a guje ina salati, na faɗa kujerata da ƙarfi. Ƙas ɗin da na ji a ƙarƙashina tabarau ne. Baturiyar da ke gefena ta taya ni tsince gilasan tana ta ba ni haƙuri, kamar ita ta zauna a kai. Ni dai daga nesa ina gani ras, amma abin da ke kusa, in ƙanana ne, sai ya zama hazo-hazo.

A filin jirgin da muka fara sauka a ƙasar, kare ne ya fara yi mini maraba. Wani ɗan guntu mai dogayen kunnuwa, sanye da riga, ya zo ya zauna a gaban jakata ya ƙi motsi. Ma'aikacin kwastan ya buɗe, ya kwance ƙullin daddawa, ya ja da baya taku biyu. Ya tambaye ni mene ne, na ce masa da ɗan Turancin da nake da shi na miya ne. Ya dube ni da tausayi. Mutumin kirki ne wallahi, da ladabi ya kwashe kilishi da goro da komai ya zuba a wata ƙatuwar leda, yana yi yana ce mini sa, wato ranka ya daɗe. Da na je ɗaukar jakar atamfa kuma aka ce ta bi wani jirgin, za ta iso in an gano inda ta nufa. Haka na shiga ƙaramin jirgin Greensboro daga ni sai kayan sawata da buroshi uku, mai neman aure hannu rabbana.

Nasiru ya tare ni da wani mutumin Maraɗi, Alhaji Mamman, mai kantin kayan abincinmu a titin High Point. Dogo ne mai fara'a, kuma ba ya gama zance bai jefa Faransanci ba. Da ya ji abin da ya sami kayan sai ya ce, "Bon, Malam Idi, kowa haka aka yi mishi. Ni har tukunyar man shanu suka amshe, sa fe mal, abin da ciwo, wallahi." Nasiru ya ce, "Baffa, kada ka damu, nan ba a kai kaya, it's okay, zuwanka kawai take so." A raina na ce yaro ya daɗe a waje. Ina aka taɓa shiga gidan surukai ana kaɗa hannu.

Masaukin Nasiru ɗaki biyu ne a saman bene, bangon katako, in maƙwabci ya yi atishawa sai ka ji kamar ka ce masa yarhamukallahu. Ba buta, da wata robar ban ruwan fulawa mai dogon baki yake alwala. Da safe ya zuba mini wani busasshen hatsi a kwano ya kwarara madara mai sanyi, ya ce kalaci ke nan. Na ce ko kajina ana jiƙa musu da ruwan ɗumi. Allah ya yi wa matar Alhaji Mamman albarka, ita ta riƙa aiko da tuwon shinkafa da miyar alayyahu, da ban kai labari ba.

Mutanen wurin suna da murmushi amma ba su da gaisuwa. Washegarin zuwana na haɗu da wata maƙwabciya a matakala, na tsaya na gyara tsayuwa zan tambayi gida da yara da gajiya, kafin in haɗa Turancin ta ce hai, gaisuwar ke nan, ta shige mota. Alhaji Mamman ya zaga da ni unguwar masu kuɗi, Irving Park, gidaje manya-manya ba katanga, ga ciyawa an aske ta tas, ga inuwa, amma ko mutum ɗaya ban gani zaune a ƙofar gida ba. Na tambaye shi ko rasuwa aka yi, ya ce a'a, haka suke tujur, wato kullum.

To, a bangon da ke saman teburin karatun Nasiru akwai wani hoton zane da aka buga a takarda. Tun ranar farko ya ja idona, don ni duk inda launi yake sai na tsaya. Teku ne da faɗuwar rana, sama ta yi ja da rawaya kamar an kifar da manja a wuta, ga jirgin ruwa can gefe ya karkace. A gaba-gaba, cikin ruwan, akwai wasu ƙananan abubuwa da na ga kamar hannuwa ne a ɗage, da wasu baƙaƙen igiyoyi, da kifaye. Na tambayi Nasiru yana ɗaura takalmi, ya ce, "Baffa, ai shi ne aikina gaba ɗaya, a kansa nake rubuta thesis, littafin gama karatuna. Wani Bature ne ya zana shi shekara ɗari da hamsin da wani abu da suka wuce. Ta dalilinsa ma muka haɗu da Karima, har kakarta ta san shi. Na makara class, in na dawo zan yi maka bayani." Bai yi bayanin ba, ni kuma ban sake tambaya ba, don a ganina na riga na gane.

Na tsaya gaban hoton na yi masa kallon ɗan sana'a. Launi dai Baturen ya iya, ban raina masa ba. Amma aikin bai ƙarasa ba. Jirgi a karkace, layi ba ya fita, ko'ina a dame, masu iyo kuma ya yi musu hannuwa ya manta kawuna. In na kai wa direba irin wannan, cewa zai yi ruwan sama ya dake shi kafin ya bushe. Nan take dabara ta faɗo mini. Yarinya na son hoton, kakarta ta san shi, ni kuma ba ni da abin kaiwa. Me zai hana in yi musu nasu na hannu, gyararre. Maganar Yaya ta faɗo mini a rai, na ce ai cewa ya yi kada in yi wa kowa fenti, katako kuwa ba kowa ba ne.

Alhaji Mamman ya ba ni falankin katako da wuri a bayan kantinsa, tsakanin buhunan shinkafa, ya kai ni wani kantin fenti da ya fi kasuwar ƙauyenmu girma. Kwana uku ina aiki a ɓoye in Nasiru ya tafi makaranta. Rashin tabarau bai dame ni ba, hannu ya san hanyarsa. Na miƙar da jirgin ya tsaya cak. Na yi rana zagayayya da haskenta tsinke-tsinke. Na kwantar da teku shuɗi, igiyar ruwa a jere. Masu iyo na ba kowa kai da fararen haƙora yana dariya yana ɗaga wa jirgi hannu, baƙaƙen igiyoyin nan kuma na mai da su fatsa, kowace da kifinta. Alhaji ya leƙo ya riƙe baki ya ce, "Se bon, Malam Idi. Naka ya fi na Nasara nesa. Sai dai ba ka sa rubutu ba." Na ce gaskiyarka. Na ɗauki farin fenti na rubuta a ƙasa da manyan baƙaƙe, kamar yadda na rubuta a bayan mota ta fi ɗari: SAUKA LAFIYA.

Ranar Asabar bayan azahar muka kama hanyar Summerfield, inda tsohuwar take, Alhaji na tuƙi, zanen na naɗe a zanin gado a bayan mota. Nasiru ya tambaya, na ce tsaraba ce, ya bari sai mun je. Wajen gari ne, filaye da shinge, ga dawakai a tsaye an lulluɓa musu bargo ba sa aikin komai. Yaron sai goge tafin hannu yake a wando. Ya ce, "Baffa, matar nan ba ta da wasa. In ta ce no, Karima ba za ta tsallake maganarta ba."

Kakar Karima, Mama Rut, ’yar ƙaramar tsohuwa ce, ta haura tamanin, Kirista ce mai zuwa coci, ɗanta marigayi, mahaifin Karima, shi ne ya musulunta. Ta dube ni ta saman tabarau tun daga hula har takalmi kafin ta ce mu shigo. Karima ta gaishe ni da Hausar da Nasiru ya koya mata, har da rusunawa, nan take ta shiga raina. Aka kawo abinci: kaza, wadda tsohuwar ta aika aka sayo yankakkiya daga kantin Alhaji saboda mu, da wake, da ganye dafaffe, da burodin masara, da kuɓewa. Kuɓewar ce ta ɗaure mini kai, an yanka ta an soya ƙarau, ba yauƙi ko kaɗan. Na ce wa Nasiru ya gaya mata a wurinmu wanda ya raba kuɓewa da yauƙinta ya ɓata ta, amma na ƙara sau biyu. Ta yi ’yar dariya. Na ce a raina an fara da kyau.

Bayan an kwashe kwanuka na gyara zama na yi maganar da ta kawo ni, Nasiru na fassarawa. Na ce Yayana ne ya aiko ni, mun ga iri mai kyau a gidanta mun zo nema. Na ba da labarin kare da jakar da ta ɓata, na ce amma ban yarda in shigo mata hannu biyu ba, na yi mata abu da hannuna. Alhaji ya jingina katakon a kujera, na yaye zanin.

Karima ta rufe baki da hannu biyu. Nasiru ya dubi zanen, ya dube ni, fuskarsa ta yi fari kamar an shafa toka, ya ce a hankali, "Baffa, ka kashe ni." Ni kuwa na ɗauka kyan aikin ne ya kama su, har na fara nuna musu inda na gyara wa Baturen. Mama Rut ta tashi, ta zo gaban katakon ta daɗe, sannan ta nuna rubutun ta yi tambaya. Nasiru ya ce wai ado ne kawai. Alhaji Mamman, da bai san dawan garin ba, ya karɓe da Turancinsa ya fassara mata tsaf, har da ƙarin bayani cewa addu'a ce ta matafiya.

Ta yi wa Karima magana, yarinyar ta shiga ɗaki ta fito da wani ƙaton littafi, ta buɗe shafin da hoton yake. Tsohuwar ta miƙo mini, na riƙe shi nesa da fuska ina ƙanƙance ido. Sai ta gane. Ta cire tabaranta, ta ɗora mini a hanci da hannunta, ta danna kaina kusa da takardar.

Abin da na kira fatsa sarƙoƙi ne. Hannuwan baƙaƙe ne, da mari a wuyan hannu, ba ɗaga wa kowa suke ba, nitsewa suke. A kusurwa ga ƙafar mutum ta fito daga ruwa da ƙarfe a idon sawu, kifaye sun yanyame ta, tsuntsaye na sauka. Jan da na yaba a saman ruwa ba na rana ba ne duka. Karima ta yi bayani, Nasiru na mayarwa kansa a ƙasa. Jirgin bayi ne. In cuta ta shiga, masu jirgi sukan jefa marasa lafiya a teku da ransu, don wanda ya mutu da ciwo asararsu ce, wanda ruwa ya ci kuwa inshora ke biya. Ta ce a zamanin masu zane sun fara ƙin yin hoton sarakuna da lambuna kawai, wannan ya zana abin ya kai inda masu hannu da shuni ke zuwa kallo, don kada wani ya ce bai gani ba.

Kunya ta rufe ni. Amma ko a cikin kunyar ɗan sana'a bai mutu ba, na ga abin da mutumin ya yi. Mu muna zane don a gani daga nesa mota na gudu, a ji daɗi a wuce. Shi ya zuba launi ne don ya jawo ka daga nesa, sai ka matso kana murmushi sannan ya nuna maka. Damewar da na raina da gangan ya yi ta. Ni kuma na zo daga Funtuwa na sa wa mutanen da ke mutuwa haƙora.

Na ce wa Nasiru ya gaya mata ban gani ba, kuma laifin nawa ne ni kaɗai, yaron bai san komai ba. Ta koma ta zauna, ta ce ta yarda ban gani ba. Ta ce kakarta a cikin bauta aka haife ta, a wata gona da ba ta da nisa da nan. Sannan ta yi tambayar da ta sa Nasiru ya tsaya bai fassara ba sai da na matsa masa. Cewa ta yi, "Kafin mutum ya shiga wancan jirgin, wani ne ya kama shi, wani ya sayar. Ku mutanenku a wane ɓangare suke?"

Nasiru ya ƙara da Hausa, "Baffa, don Allah ka ce ba ka sani ba." Maganar Yaya ma tana kunnena. Amma tabaran matar na kan hancina, ga littafin a cinyata, na ji in na yi mata ƙarya a wannan zaman na sake zana haƙoran ne karo na biyu.

Na ce kakanmu bafatake ne, ya yi fataucin gishiri da fata, kuma ya yi na mutane, ko da yake nasa arewa suke yi ba teku ba. Na ce kakarmu kuma, Iya, wadda ta haifi mahaifinmu, shi ya saye ta tana yarinya. Na tashi na same ta da tsagar fuska da babu mai irinta a garinmu, ba ta san sunan garinsu ba, ba ta san sunan da uwarta ta sa mata ba. In tana niƙa takan yi wata waƙa da yaren da ba wanda ke ji, mu yara mu riƙa kwaikwayonta muna dariya. A gidanmu ba a zancen, shi kansa Nasiru yau ya fara ji. Na ce wanda ya saya da wadda aka saya duk suna jikina, suna jikin yaron nan, in za ta karɓe shi ta karɓa da sani.

Nasiru ya fassara yana tsayawa, hawaye na zubo masa. Alhaji Mamman ya cire hula yana kallon cikinta. Tsohuwar ta tambaya ko ina tuna waƙar. Na ce rabi kawai, kuma ba kalmomi, sai karin. Ta ce in yi. Ni da ban taɓa waƙa a gaban mace ba, na yi ta da muryar nan tawa ta garejin. Ta rufe ido ta saurara, ta maimaita a maƙogwaronta, ta kama daidai.

Daga nan ta ce wani saurayi ya taɓa zuwa neman Karima ya ce mata su jinin sarauta ne tun daga farko har ƙarshe, ta ba shi shayi ta sallame shi. Ta ce ta ba Nasiru Karima. Na yi hamdala, na tashi zan naɗe katakona in kai shi inda ba za a sake ganinsa ba, ta buga sandarta a ƙasa. Ta ce kyauta ba ta komawa, sai dai in gyara. Kwana uku na yi a barandarta, da tabaranta a fuskata, tana zaune tana ba ni shayi mai ƙanƙara tana duba aiki kamar direban da ya biya kafin alƙalami. Na shafe kawuna da haƙora, na mai da sarƙoƙi, na karkatar da jirgi, na dame tekun da na sha wahalar kwantarwa. Shi ne karo na farko da na zana masifa. Da na ɗauko fenti zan shafe rubutun ƙasa sai ta riƙe mini hannu, ta kira Karima ta gaya wa Nasiru ya gaya mini. Ta ce, "Bar shi. Ba wanda ya yi musu wannan addu'ar lokacin da suka tashi."

An ɗaura aure ranar Juma'a a masallacin garin. Jakar atamfa ta iso ana saura kwana biyu in taho. Tabarau kuwa da na miƙa mata ta ce tana da wani, in riƙe, mutum irina bai kamata ya riƙa yawo ba ido ba.

Abin da na taho ina tsoro shi ne Yaya. Na shiga ɗakinsa na zauna a bakin gado na ce an ba mu, ya yi hamdala. Na ce amma abu biyun da ka hana ni duk na yi. Na ba shi labari tun daga kare har baranda. Wajen haƙora ya yi dariya har ya sarƙe. Da na zo kan Iya sai ya juya fuska bango, na zauna ina jiran faɗa. Can ya ce, "Wane rabin waƙar ka yi mata?" Na yi masa a hankali. Inda na tsaya, sai na ji ya ɗauka da bakinsa da ciwo ya karkatar, ya kai ta har ƙarshe. Ashe shekara hamsin yana riƙe da ita.

Da ya gama ya goge ido da hannunsa mai lafiya, ya ce, "Ɗauko rediyo da sabon kaset. A aika wa tsohuwar nan sauran."